Jan leza mai ƙarfi: 638, 650 ko 660, wanne ya cancanci kuɗinka?

Wanda ya shiga AliExpress ko eBay neman jan leza karon farko, abin zai ɗaure masa kai. Ga wani ɗan bututun ƙarfe an rubuta masa miliwat 200, wato ma'aunin ƙarfin haskensa, a kan dala goma sha wani abu. Ga wani kusa da shi, shi ma miliwat 200, amma kuɗinsa ya ninka na farkon sau huɗu ko biyar. Idan kuma ka leƙa kundin kamfanonin da ke sayar wa ɗakunan bincike kaya, irin su Coherent, za ka tarar da ɗan akwatin da bai wuce miliwat 100 ba ana neman dubban daloli a kansa. Duk ja suke fitarwa. To me ya raba su?

Ra'ayina shi ne adadin miliwat ɗin da mai kaya ya rubuta da manyan haruffa shi ne abu na ƙarshe da ya kamata ka duba. Kafin shi akwai zangon hasken, wato lambobin nan irin su 638, 650 da 660, da siffar tsinken da yake fitarwa, da yadda yake jure zafi. Waɗannan ukun su ne za su nuna ko abin da ka saya zai yi maka aiki, ko kuwa zai ƙare a cikin kwalin tarkace.

Abin da 'yan harka ke kira modul ba wani abu ba ne illa abubuwa huɗu da aka haɗa wuri guda: dayod ɗin da ke haifar da hasken, ɗan allon da ke daidaita masa wuta wanda ake ce wa direba, gilashin da ke tattara hasken ya zama tsinke, sai gidan ƙarfen da ke riƙe su yana shanye zafi. Dayod ɗin kansa ɗan mitsitsi ne, galibi cikin gwangwani mai faɗin milimita 5.6, manyan kuma milimita 9. Tun 1962 Nick Holonyak ya ƙera jan leza na farko irin wannan a kamfanin General Electric a Amurka, amma abin bai zo hannun talaka da ƙarfi ba sai da na'urorin buga faifan DVD suka cika kasuwa. Daga baya masu ƙera majigi suka buƙaci ja mai haske, sai kamfanonin Japan suka shiga yin 638 da yawa. Don haka kusan duk jan dayod mai ƙarfi da ɗan koyo zai saya yau, ko dai jikan na'urar DVD ne, ko ɗan gidan majigi. Halinsu kuwa ya sha bamban.

Ja ba ɗaya ba ne

Lambobin nan 635, 638, 650 da 660 tsawon zangon haske ne da ma'aunin nanomita. A takarda tazarar kamar ba komai ba ce. A ido kuwa babba ce, domin idon ɗan Adam ya fi ganin haske a wajen nanomita 555, wato kore mai ratsin rawaya, kuma yana dusashewa da sauri idan aka gangara ɓangaren ja. Idan aka ba 555 maki 100, to 635 na samun kusan 22, 638 kusan 19, 650 kusan 11, shi kuwa 660 da ƙyar yake kai 6.

Yi lissafin da kanka. Miliwat 200 na 660 zai haska bango daidai da abin da miliwat 65 na 638 zai haska. Kore mai nanomita 520 kuwa, da miliwat 17 kacal zai yi kafaɗa da su. Wanda ya biya kuɗin miliwat 200 na 660 don yana son tsinken haske ya fito raɗau a zauren biki, ya sayi ƙarfin da idon jama'a ba zai gani ba. Abin takaicin ma shi ne haɗarin bai ragu ba ko kaɗan. Ido yana ƙonewa ne gwargwadon miliwat, ba gwargwadon yadda hasken ya bayyana ba. Wannan ne ya sa nake ɗaukar 660 mai ƙarfi a matsayin mugun ɗan masara: ka gan shi dishi-dishi ka raina shi, alhali yana kunna ashana.

Launin ma ya bambanta. 638 ja ne mai ɗan karkata zuwa ruwan lemo, kamar garwashin da aka hura. 660 ja ne wur, mai duhu. Akwai masu son wannan jan mai zurfi don kyansa kawai, kuma ban ga laifinsu ba. 650 yana tsakiya, kuma shi ya fi yawa a kasuwa, sai dai da yawa daga abin da ake rubuta wa 650 idan aka auna za a tarar ya doshi 658 ko 660, musamman idan dayod ɗin na gidan DVD ne kuma ya ɗau zafi.

Tsinke ko sanda

Nan ne mafi yawan masu saye ke yin kuskure, don mai kaya ba ya cika faɗa.

Dayod iri biyu ne. Akwai wanda bakin da haske ke fita ƙanƙane ne ƙwarai, mikromita kaɗan. 'Yan harka na ce masa singil-mod. Haskensa na tattaruwa ya zama ɗigo mai tsabta, kuma da gilashi mai kyau tsinken ba ya buɗewa fiye da kamar santimita ɗaya a kowace mita goma. Matsalarsa ita ce ba ya ɗaukar ƙarfi da yawa, domin duk wutar ta ƙaramar kafa ɗaya take bi. Misalansa: ML101J27 na Mitsubishi, nanomita 660, miliwat 130 idan yana ci ba tsayawa, da HL63133DG, nanomita 638, miliwat 170.

Na biyu shi ne malti-mod, mai faffaɗan baki. An faɗaɗa kafar don ta ɗauki wuta da yawa ba tare da ta ƙone ba. Daga nan ne ake samun manyan lambobi: ML520G71 mai miliwat 300, ML501P73 mai miliwat 500, dukkansu na Mitsubishi kuma 638, sai HL63193MG mai miliwat 700, wanda ya fi kowanne farin jini a wurin masu haɗa leza a gida. Wannan HL ɗin za ka gan shi wani wuri da sunan Oclaro, wani wuri da sunan Ushio. Kada ka ɗauka jabu ne, sashen ne ya canza hannu a 2014 lokacin da Ushio ya saye shi. A sama da waɗannan akwai na gwangwanin milimita 9 da suka haura wat 2, kamar ML562G85, waɗanda don majigi aka yi su.

Kuɗin da kake biya na wannan ƙarfi shi ne kyan tsinke. Hasken malti-mod yana buɗewa ta gefe ɗaya fiye da ɗaya gefen. Ka haska bango daga mita goma, maimakon ɗigo sai ka ga 'yar sanda mai tsawon santimita biyar ko fiye. Duk yadda ka murɗa gilashin ba za ta zama ɗigo ba, don ba laifin gilashin ba ne, siffar bakin dayod ɗin ce yake nuna maka a bango. Ana gyara wannan da wasu gilasai biyu masu siffar rabin gora da ake jerawa a gaban tsinken, kuma modul ɗin da aka riga aka yi wa wannan gyara shi ne wanda ka ga kuɗinsa ya yi tsalle. Idan ka ga 638 mai miliwat 700 da arha sosai, kusan tabbas ba a gyara shi ba.

Saboda haka miliwat 170 na singil-mod yakan fi miliwat 700 na malti-mod kai wa nesa da kyau, kuma a kusa yakan tattaru ya zama ɗigo mafi ƙanƙanta. Mai son zana siffofi da madubai masu juyawa, ko mai gwajin haske a makaranta, ko mai son saita abu daga nesa, na farkon ne nasa. Mai son cika ɗaki da jan haske cikin hayaƙi, shi ke buƙatar na biyun.

Zafi, ƙura da hunturu

Jan dayod raggo ne a gaban zafi, ya fi shuɗi ragwanci nesa ba kusa ba. Sinadarin da ake yin sa da shi, haɗin alminiyam da galiyam da indiyam da fosfaras, yana zubar da ƙarfi da zarar ya ɗumama, kuma gwargwadon gajartar zangon gwargwadon tsananin matsalar. Wato 638 ɗin da ya fi haske shi ne kuma ya fi saurin galabaita. Zangon ma yana zamewa, kusan nanomita ɗaya a kowane digiri biyar, sai hasken ya ƙara duhu a ido bayan ƙarfin da ya riga ya ragu.

Lambobin da kamfani ke rubutawa a takardar bayani an auna su ne a digiri 25. Manyan 638 irin su ML501P73 iyakar zafin da aka yarje musu aiki a ciki digiri 40 ne a jikin gwangwanin. Wanda ke zaune a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai ya san a watan Afrilu iskar da ke ɗakin ma tana kai wa nan, tun kafin a kunna komai. Sannan ga zafin da dayod ɗin ke haifarwa da kansa: HL63193MG na shan kusan miliamf 800 a bolt biyu da ɗoriya, wato kimanin wat 1.8 ke shiga, 0.7 ke fita a matsayin haske, sauran fiye da wat ɗaya na zama zafi a cikin abin da bai kai ƙwayar gyaɗa ba. Ɗan bututun nan mai milimita 12 da ake sayarwa tsirara ba zai iya da wannan ba fiye da 'yan daƙiƙu. Ko dai ka cusa shi cikin dunƙulen alminiyam mai fiffike da fanka, ko ka sayi wanda aka haɗa da farantin sanyaya na lantarki. A ƙasar zafi, ni da in sayi 700 in riƙa gudanar da shi a ƙarshen ƙarfinsa, gara in saye shi in tsayar da shi a 400 ko 500. Zai daɗe.

A nan 650 da 660 na gidan DVD suna da abin faɗa. An yi su ne don su rayu a cikin kwamfuta mai zafi, don haka sun fi haƙuri.

Hunturu kuma da nasa sharrin guda biyu. Na farko ƙura. Wasu dayod, ciki har da ML501P73 da yawancin waɗanda ake cirowa daga na'urar DVD, buɗaɗɗu ne, babu tagar gilashi a kansu. Ƙwayar ƙura ɗaya ta sauka a bakin yana ci, ta ƙone a wurin, shi ke nan. Na biyu wutar nan da ke taruwa a jiki idan iska ta bushe, wadda ke ɗan tsikararka idan ka taɓa ƙofar mota. Abin da kai ka ji kamar cizon sauro, ga dayod ajali ne. Na taɓa kashe guda a haka, ban ma kai ga kunna shi ba: na tashi daga kan darduma, na ɗauke shi da hannu, da na haɗa sai ya ba ni wani ɗan ja mai rauni kamar fitilar cajar waya. Tun daga ranar nake taɓa ƙarfen da ke haɗe da ƙasa kafin in kusanci ƙafafunsa. Alherin hunturu ɗaya ne, ƙurar da ke iska tana sa tsinken ya fito sarai da dare ba sai an nemi injin hayaƙi ba.

Direba da gilashi

Ba a haɗa dayod da batir kai tsaye. Shi ba ya sanin ya ƙoshi. Yana ɗumama yana ƙara jan wuta har ya hallaka kansa. Aikin direba shi ne ya tsayar da yawan wutar da ke bi a adadi ɗaya. Mai son haɗawa da hannunsa zai iya da 'yar na'urar daidaita wuta mai suna LM317 da rizisto guda: ka raba 1.25 da ƙimar riziston, abin da ya fito shi ne amf ɗin da zai wuce. Om 5 zai ba ka miliamf 250. Sai dai wannan hanyar na cin bolt kusan uku a banza, don haka batirin lithiyam 18650 guda ɗaya ba zai isa ba, sai biyu.

Idan modul haɗaɗɗe za ka saya, duba abu biyu. Bolt nawa yake so, 5 ko 12, domin kuskure a nan ba ya da gyara. Sannan ta yaya ake sarrafa shi: mai TTL kunnawa da kashewa kawai ya sani, amma da sauri, kuma ya isa ga mai wasa da Arduino, ɗan allon kwamfutar nan na 'yan koyo, mai analog kuwa ana iya rage masa haske a hankali daga sifili zuwa ƙarshe, abin da mai haɗa ja da kore da shuɗi don fitar da launuka ba zai iya yi ba tare da shi ba. Na biyun ya fi tsada.

Gilashi uku ne ke yawo. Na roba ya isa ga ƙananan leza, amma ƙarfi na yi masa tabo. Mai gilasai uku a jere yana ba da ɗigo mai tsabta, sai dai yana cinye wani kaso na hasken, musamman a malti-mod. Wanda ake kira G-2 gilashi ɗaya ne da ke tattara haske a kusa sosai, yana barin kusan duk hasken ya wuce amma tsinken ya fi buɗewa. Ka kuma tabbata rufin da aka shafa wa gilashin na ja ne, ba na shuɗi ba.

Batun kuɗi

Farashi na motsi, canjin dala kuma ya fi shi motsi, don haka ɗauki waɗannan a matsayin mataki-mataki. A ƙasa akwai 'yan ƙananan 650 masu miliwat 5 ko ƙasa da haka, irin KY-008 da ke zuwa cikin kwalin kayan Arduino, dala ɗaya ko biyu. Sama da su akwai 650 da 660 masu miliwat 100 zuwa 200 a bututu mai murɗawa, galibi tsakanin dala goma da talatin. Dayod ɗin 638 mai miliwat 500 ko 700 shi kaɗai, ba direba ba gida, yana cikin 'yan gomomin daloli; idan an haɗa shi da fanka da direba ya ƙaru; idan an gyara masa tsinke an sa masa analog da sanyaya, ka shirya dala ɗari zuwa sama. Na ɗakin bincike kuwa ba ƙarfi kake saya ba, tabbaci kake saya: zango ba ya zamewa, ƙarfi ba ya rawa, kuma an auna an ba ka takarda. Ɗan koyo ba ya buƙatar wannan sai in hologiram, wato hoto mai zurfi da ake yi da leza, yake son yi.

Kada ka yarda da lambar da ke kan talla. A 2013 hukumar ma'auni ta Amurka, NIST, ta auna lezar nuni guda 122, ta tarar kusan kashi 44 cikin ɗari na jajayen da kusan kashi 90 na korayen sun saɓa wa ƙa'ida, da yawa sun fi abin da aka rubuta musu ƙarfi. Ƙaryar ta kowane ɓangare take zuwa: ƙaramin da aka ce miliwat 5 ne ya zama ya ninka haka, babban da aka ce 1000 ne ya zama bai kai 200 ba. Hanya mafi sauƙi ta tace masu kaya ita ce ka tambayi lambar dayod ɗin da ke ciki. Wanda ya ce maka HL63193MG ne, za ka iya neman takardar kamfanin ka gwada da abin da ya faɗa. Wanda ya kasa faɗa, ka wuce. Kuma duk wanda ya ce yana da 650 singil-mod mai wat ɗaya a kan dala ashirin, tatsuniya yake maka.

Wani abin da zai cece ka asara: idan burinka zane a kan katako ko fata ko ƙwarya, bar ja gaba ɗaya. Shuɗi mai nanomita 445 zuwa 450 ya fi shi arha a kowane wat, ana samunsa da wat 5 ko 10 na haske, kuma katako ya fi shan shuɗi. Jan miliwat 200 zai fasa balan-balan baƙa, ya huda baƙin tef, ya kunna ashana, amma a kan farin katako sai ya yi ta lasa ba ci.

Tabarau na cikin farashin

Ƙa'idar duniya ta IEC 60825-1 ta kasa leza aji-aji. Har zuwa miliwat 1 aji na 2 ne, inda ƙiftawar ido, kusan rubu'in daƙiƙa, ke isa kariya. Zuwa miliwat 5 aji 3R. Daga nan zuwa 500 aji 3B ne, wanda ke lalata ido kafin ka ƙifta. Sama da 500 aji na 4, inda ko kallon ɗigon a farin bango daga kusa haɗari ne, kuma yana tada gobara. Kusan duk abin da muke magana a kai a nan yana cikin ajin biyun ƙarshe. Ido da kansa gilashin tattara haske ne, yana matse tsinken a tantanin gani da ke can ciki, wurin kuma ba ya jin zafi balle ya gargaɗe ka, ba ya kuma warkewa.

Tabaran jan leza shuɗi ne ko kore. Jan tabaran nan ko mai ruwan lemo da ake cusowa kyauta a cikin kwali na shuɗin leza ne da kore. Jan haske ratsa shi yake kamar babu. Nemi wanda aka buga wa zangon da yake tarewa a jikinsa, ya haɗa da 630 zuwa 670, da lambar OD, wato ma'aunin yadda yake rage haske. Kowace lamba ɗaya ragi ne sau goma: OD 3 na mayar da miliwat 700 ya koma 0.7. Mai shaidar EN 207, ƙa'idar Turai ta tabaran leza, zai iya cin dala hamsin ko fiye, wato wani lokaci ya fi lezar kanta tsada. Wanda kuɗinsa bai kai na leza da tabarau duka ba, ya tsaya a miliwat 5 tukuna. Mai fasa tsohuwar na'urar DVD kuma ya sani akwai dayod na biyu a ciki, na faifan CD, mai nanomita 780, wanda ido ke gani kamar ɗan garwashin da ya kusa mutuwa alhali yana da ƙarfi. Sama kuwa ba wurin haskawa ba ce: a Amurka tun 2012 haska jirgi laifi ne mai ɗaurin da ya kai shekara biyar, kuma a gari kamar Kano da filin jirgi ke tsakiyar unguwanni, ba sai an yi wa mutum dogon bayani ba.

To wanne za ka ɗauka? Mai koyon Arduino, ko mai son yin ƙararrawar tsaro da tsinken haske, ko magini mai son layin saiti, 635 ko 650 mai miliwat 5 ko ƙasa ya ishe shi, kuma 635 zai fi fitowa da rana. Mai son ya ga leza tana ƙona abu da kuɗi kaɗan, ya koyi haɗa direba ba tare da fargabar asara ba, 660 singil-mod mai miliwat 130 zuwa 200 ne abokin tafiyarsa, kuma shi ya fi jure zafinmu. Mai haɗa fitilar biki ko na dandali, 638 malti-mod da gyararren tsinke da analog, ya kuma ware kuɗin sanyaya tun farko. Idan kuwa guda ɗaya tak za a ce in zaɓa, 638 singil-mod mai miliwat 170 zan ɗauka. A ido ya fi miliwat 500 na 660 haske, ɗigonsa tsaf, kuma dunƙulen alminiyam madaidaici ya ishe shi, muddin ba a bar shi yana ci tun safe ba.